Motar Da Aka Ce Tana Bin Mai Ita

Yanzu babu mai tada mota a ƙofar gidanmu bayan sallar asuba. Wanda ya saba yin hakan ya koma ga Mahaliccinsa.

Akwai wani direba a Batsari, Abdulmumini, mai wata tsohuwar mota da yake jigilar fasinja da buhunan gero zuwa Safana. Mijina ne. Ni ce Ramlat, uwar 'ya'yansa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma ina so in ba ku labarin abin da ya faru da motarsa bayan rasuwarsa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ya dawo daga hanya jikinsa na rawa, ya ajiye motar inda ya saba, ya shigo gida. Bai sake fita da ƙafarsa ba. Bai bar mana gona ko shanu ba. Motar nan ita ce abincinmu.

Ƙofar gidanmu gangare ce, kuma hanyar da ta gangara daga nan ita ce ke zuwa maƙabarta. Ranar sadakar uku, maza na zaune a kan tabarmi ana addu'a, sai motar ta motsa. Babu kowa a ciki, makullin yana ɗakina. Ta gangara a hankali har ta daki wata darbejiya ta tsaya.

Mutane suka watse suna salati. Kamalu, ƙanin mijina, shi ma direba ne amma ba shi da mota, ya tara matasa suka turo ta, ya ja birkin hannu har ƙarshe.

Washegari da hantsi ta sake tafiya. Wannan karon saura ƙiris ta take akuyar maƙwabta.

Shi ke nan magana ta cika gari. Wai mota tana bin mai ita. Wai Abdulmumini ne ke kiranta. Kamalu ya kai ta tasha don ya fara nema wa yara abinci, ya wuni babu wanda ya shiga. Wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗan nan, ni Safana za ni, ba lahira ba."

Yaya Hamidu, babban wan mijina, ya sa aka ɗaure motar da igiya a jikin bishiya kamar saniya. Sannan ya yi sallama a zaure, na fito na durƙusa daga nesa muka gaisa.

Ya ce, "Ramlat, na yi magana da masu sayen ƙarfe. Bayan Juma'a za su zo su yanka ta."

Na ce, "Yaya, in an yanka ta, me yaran za su ci?"

"Gara su ci ƙanzo da ta take ɗayansu. Kin ga dai abin da ta yi. Ni ban ce aljani ba ne, ban ce ba shi ba ne. Amma ba zan binne ƙane in kuma binne ɗansa ba."

Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne. Ni ma ina jin tsoron. Amma na ce, "Don Allah Yaya a ɗan saurara. Shekara da shekaru tana ƙofar nan ba ta taɓa yin haka ba. A bari wanda ya san cikinta ya duba."

Ya ce, "Bakanike yana gyaran inji ne, ba ya gyaran abin da ido bai gani ba." Ya tashi ya fita.

Ina cikin takaba, ba ni da ikon zuwa ko'ina. Na aika wa Tayyib, bakaniken da mijina ke kai wa gyara a Safana, aka ce ya yi tafiya. Babu abin da ya rage mini sai haƙuri da addu'a. Mata na shigowa gaisuwa suna raɓe bango, kowa na kauce wa motar.

Ranar Alhamis Tayyib ya iso a kan babur, ya zo ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha ya ga mota a ɗaure, ya ce, "Malam Hamidu, ita kuma wannan tatsarta ake yi?"

Aka ba shi labari. Ina bayan labulen zaure ina saurare. Bai yi dariya ba, sai ya nemi makulli.

Ya shiga ya ja birkin hannu. Sandar ta tafi sama ƙarar-ƙarar-ƙarar, kamar ba za ta tsaya ba. Ya ce, "Kun ji? Mai lafiya da ka ɗan ja shi zai cije. Wannan ya kai ƙarshe bai riƙe komai ba."

Ya sa aka tokare tayoyin gaba, ya ɗaga bayan motar da jak. Birkin yana a jaye. Ya ce, "Malam Hamidu, zo ka juya tayar nan da hannunka."

Yaya ya yi bismilla ya taɓa. Taya ta juya kamar faifai.

Tayyib ya kwance ta, ya nuna musu abin da ke damƙe taya daga ciki, ya cinye ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Ya kwanta a ƙarƙashi ya jawo wayar da ta taho daga sandar, ta saki tana lilo.

Ya ce, "Na sha gaya wa marigayi ya kawo in gyara. Sai ya ce, Tayyib, ranar da dutse ya ƙare a Batsari zan kawo. Kuma ba ya barin ta a giya, don da asuba ta taga yake zura hannu ya tada ta. To ina duwatsun da yake tokare ta da su?"

Ni kaina ban taɓa lura ba. Mace tana cikin gida, ina za ta san abin da ke ƙarƙashin taya?

Sai Hansai, maƙwabciyata da ke zaune kusa da ni, ta dafe ƙirji. Ta ɗaga murya ta bayan labule, "Wai wasu manya guda biyu masu santsi? La ilaha illallahu! Ai mu muka zare su ranar sadakar uku. Tukunyar ta yi girma, murhu bai isa ba."

Kamalu ya ce, "Inna Hansai, ashe ke ce aljanar!"

"Rufe mini baki, ja'iri. Kai da ka ci tuwon har da neman ƙari?"

Tun ranar da aka fita da gawa, sai a lokacin na ji an yi dariya a ƙofar gidanmu. Ni dariyar da kuka suka haɗe mini.

Tayyib ya koma Safana ya kawo kayan gyara. Da ya gama, ya kai motar inda gangaren ya fi tsanani, ya ja birki, ya fito. Matasa suka taru suka tura, ko gezau.

Saura bakin mutane, wanda ya fi birki wuyar gyara. Yaya Hamidu ne ya ɗauki wannan. Ya sallami masu sayen ƙarfe. Ranar kasuwa ya sa babbar riga, ya je tasha ya shiga gidan gaban motar, ya zuge gilashi yana gaisawa da kowa.

Wani ya ce, "Malam Hamidu, ba ka tsoro?"

Ya ce, "Na ji tsoron har na kusa yanka abincin marayu. Yanzu na juya tayar da hannuna. Mai zuwa Safana ya shigo."

Kafin rana ta take, mota ta cika. Da yamma Kamalu ya shigo da tiyar gero da ƙullin nama, ya ajiye a gabana. Na ɗora tukunya yara suna zagaye ni.

Darasi: Kada tsoro da maganar mutane su sa ka yanke hukunci kafin ka bincika. Abin da ake ta jingina wa ɓoye, sau da yawa dalilinsa yana kusa, mai haƙuri ne ke gano shi. Ku kuma direbobi, dutse ba birki ba ne, ku gyara tun kuna da rai da lafiya. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.

Ina roƙonku ku taya ni addu'a. Allah Ya jiƙan Abdulmumini, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya tsare duk wanda ke kan hanyar neman halak. Ku ce amin.