Ranar da Karfasa Ta Buɗe Baki

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Akwai wani tafki mai faɗi, wanda in damina ta sauka ruwansa yake malalowa cikin ciyawar gaɓa, bai kai gwiwa ba. A nan karfasa ke zuwa haihuwa. To, ita karfasa ba ta da ɗaki, ba ta da zanen goyo. A bakinta take ɗauke ƙwanta har su ƙyanƙyashe, a nan kuma 'ya'yan ke zama har su yi ƙwari. Duk tsawon lokacin nan ba ta ci, ba ta buɗe baki.

Saboda haka Zalɓe, wanda shi ne Sarkin Ruwan tafkin, ya kafa doka. Duk wanda ya fito da karfasa sai ya kawo ta gabansa a duba bakinta. In babu komai, ta zama tasa. In da goyo, a mayar da ita ruwa. Kuma ba a yarda a matse ta don goyon ya zube ba.

Wata safiya Gizo ya ɗauki kwandonsa marar gindi ya shiga ciyawa, yana tafe yana kifa shi a laka. Can sai ya ji motsi mai nauyi. Ya leƙa ta sama, ya ga wata ƙatuwar karfasa, kumatunta a kumbure.

Ya ce a ransa, "In na kai wannan gaban Zalɓe yanzu, na rasa ta. An dai ce kada a matse ta. Ba a ce kada ta buɗe baki da kanta ba."

Sai ya danna kwandon cikin laka, ya jingina a kai.

"Ina kwana, Inna? Ya gida, ya ruwa?"

Karfasa ta yi shiru.

"A'a! Inna, gaisuwa ce fa. Ku ji min, jama'a, ana gaishe ta tana hura hanci!"

Kwaɗi suka ɗauka, "Girman kai! Girman kai!" Abin ya yi wa Karfasa ciwo, don ita mai son mutane ce. Amma ta ji 'ya'yanta suna motsi a kan harshenta, ta daure.

Rana ta ɗaga. Gizo ya tono tsutsa mai ƙiba, ya saka ta cikin kwandon, tana lilo daidai hancin Karfasa.

"Ci mana, Inna. Dubi yadda kika rame. Ɗan wannan ai ko yaran ba za su sani ba."

Yunwa na cin Karfasa. Amma ta juya kai gefe, har tsutsar ta nutse cikin laka.

Da azahar ta yi, Gizo ya fara gajiya, sai ya koma zagi. Ya zagi uwarta, ya zagi kakarta, ya ce mijinta ya gudu ne don muninta. Kwaɗi na ta dariya. Ku lura da wannan, yara: masu dariya a gefe ba su tambayar wa ke da gaskiya, su dai a ba su abin kallo. Karfasa ko motsi ba ta yi ba.

Yana cikin zagin nan, ya ba zurfin ruwa baya, sai Karfasa ta hango ta ramukan kwandon ciyawa tana rabewa a hankali. Idanu biyu ne a saman ruwa. Kada ne. Kwaɗi sun gan shi, suka nutse, ba wanda ya ce uffan.

"Kaka, ta bari ya cinye shi mana!"

Haka kika ce, Barira, kuma da ta yi hakan da ba wanda zai zarge ta. Amma ta dubi Gizo, ta ga shi ma rai ne, kuma akwai masu jiransa a gida. Kada ya matso har ya buɗe baki.

Sai ta ce, "Gizo, bayanka!"

Gizo ya daka tsalle ya faɗa kan tudu. Kada ya cafki iska, ya juya ya koma zurfi. Su kuwa 'ya'yan Karfasa, maganar nan ta watso su waje, suka fice ta ramukan kwandon. Da suka ga faɗin ruwa sai tsoro ya kama su, suka dawo suna zagaye kwandon, sun rasa ta inda suka fito. Tarwaɗa kuma ta ji ƙamshinsu, ta taso daga laka.

Gizo ya dawo wurin kwandon.

Karfasa ta ce, "Ɗaga kwandon, Gizo, in kwashe su. Ɗan kaɗan kawai."

Ya tsaya. Ya dubi yaran, ya dubi ƙibarta. Sannan ya zura hannu ya kamo ta, ya nufi wurin Zalɓe.

"Ranka ya daɗe, a duba."

Zalɓe ya duba, ya ga baki wayam. Ya daɗe yana kallon Gizo, don daga inda yake tsaye ya ga komai.

Ya ce, "Doka ba ta hana ka ba. Tafi da ita."

Gizo ya jefa ta a gora ya bi gaɓa. Yaran suka bi inuwarsa ta cikin ruwa, tarwaɗa na binsu a baya tana tsinta ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kaɗan ne suka samu suka shige ƙarƙashin ganyen bado.

Waɗannan da suka tsira, su suka girma suka haifi sauran. Tun daga ranar ba su ƙara yi wa kowa magana ba, kuma duk kifin tafkin ya bi su. Yau ko mutum zai taka bakin kada a gabansu, kallonsa kawai za su yi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda ya cuci mai yi masa alheri ba shi kaɗai ya cuta ba. Ya rufe bakin da zai ceci wani gobe.

Ƙungurus kan kusu. Ku tashi ku kwanta.