Ƙunshin Inna Tabawa da Kujerar Umra

Bayan Babbar Sallah, lokacin da bukukuwa suka kankama a Funtuwa, shagon su Zuwaira ya yi tsit, ko ƙuda ba ya leƙowa. Su uku ne a shagon. Zuwaira ce mai ƙunshi. Kubra ce mai kwalliyar fuska, ita ce kuma mai babbar waya. Lantana, wadda ta girme su har suke ce mata Yaya, ita ke dilka da halawa da haɗa turaren wuta, ita ke tarbar duk wadda ta shigo.

Ba rashin iyawa ne ya kawo shirun ba. Amaren yanzu ne suka daina tambayar maƙwabta wa ta iya lalle, waya suke tambaya. Wadda aikinta ya fito a Tiktok ita ake kira, ko da zanenta ya yi kama da sawun kaza a laka. Zuwaira kuwa ba ta da hoto ko ɗaya. Wannan amarya uwarta ta ce ba a nuna hannu kafin kamu, a ji tsoron bakin mutane. Waccan angonta ya ce hannun matarsa ba zai yi yawo a wayoyin maza ba. Ga kuɗin haya ya taru, mai ginin shagon ya fara zuwa da wani tela mai neman wuri, suna leƙa shagon suna auna faɗinsa da ido.

Ran nan Inna Tabawa, kakar Zuwaira, ta biyo daga gidan suna ta zauna shan iska. Kubra ta ƙura wa hannuwan tsohuwar ido, duk sun yamutse, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Sai ta miƙe zumbur.

"Inna, ke dai ba ki da angon da zai hana a ɗauki hannunki."

"Ja'ira! Angona yana kabari yana jin ki."

"To a yi miki ƙunshin amare mu ɗauka?"

Inna ta miƙa hannu biyu. "A yi. Amma idan wannan mai hannun makauniyar ta ɓata mini fata, sai ta biya ni."

Zuwaira ta zauna ta zana. Kubra ta jawo kujerar bakin ƙofa inda hasken hantsi ke sauka, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin hannun, ta durƙusa da waya har gwiwoyinta suka yi tsami. Ba ta yi gaggawar sakawa ba. Ta bari lallen ya kwana ya nuna sosai, ta bi Inna har gida ta sake ɗauka. Zuwaira ta ce a ɗora kiɗa kamar yadda kowa ke yi. Kubra ta ce a'a, bakin Inna ya fi kiɗa. Haka aka bar tsohuwa tana juya hannu, haƙorin Makka yana walƙiya, tana cewa, "Ku gaya wa tsofaffin Funtuwa masu sauran haƙori, Tabawa ta fito kasuwa!" Kubra ta saki bidiyon ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ta san mata sun sauke tukunya sun ɗauki waya.

Kafin magariba wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Daga Kano ake magana, daga Jos, daga Maraɗi, har da wata daga Jidda. Masu dariya na yi, masu cewa a ba su lambar tsohuwar na yi, masu tambayar ina shagon yake sun fi yawa. Su ukun suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna ihu, har mai shayin da ke gefe ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Saƙonni suka yi wa Kubra yawa. Sai ta rubuta amsa guda, farashin kowane aiki, a ƙasa ta ƙara da cewa ba a riƙe wa kowa rana sai an turo kafin alƙalami. Duk wadda ta yi magana, ita take liƙa mata. Cikin masu maganar akwai wata lamba marar hoto da ta turo dogon saƙon murya. Kubra ba ta saurara ba, ta liƙa mata ita ma. Amsa ta dawo a taƙaice: "Allah ya ba da kasuwa."

Washegari Lantana na dakan kayan turare ta ce a kunna mata muryoyin ta ji. Da aka zo kan wannan, ta ajiye taɓarya. Muryar dattijuwa ce. Ta yi sallama, ta gaishe su, ta tambayi iyayensu, ta tambayi lafiyar tsohuwar da ke cikin bidiyon. Ta ce sunanta Hajiya Yalwa mai atamfa a Katsina, za ta aurar da autarta, tana so su yi magana.

"Kubra, kin san abin da kika yi? Babbar mace ta yi miki sallama ta tambayi iyayenki, kin amsa mata da farashi kamar mai tumatir."

"Yaya, ko hoto fa ba ta da shi. Na zaci 'yan damfara ne."

"Manya ba sa sa hoto. Kira ta."

Aka kira, ba a ɗauka ba. Aka sake, shiru. Lantana ta karkaɗe hannu ta miƙe. Ta ɗauko kwalbar turarenta mafi kyau, wanda ta ɓoye don bikin ƙanwarta, ta yafa mayafi ta nufi tasha. A Katsina ta bi layin 'yan atamfa tana tambaya har aka kwatanta mata gidan. Aka bar ta a tsakar gida ta yi ta jira, ba ta nuna gajiya ba. Da Hajiya ta fito, Lantana ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Yara sun yi kuskure, Hajiya, laifina ne da ban sa ido ba. Haƙuri na zo bayarwa." Ba ta ambaci aiki ba, ba ta ambaci kuɗi ba. Ta ajiye kwalbar, ta yi wa amarya addu'a, ta miƙe za ta tafi. Har ta kai zaure, ƙamshin turaren da aka zuba a kasko ya biyo ta, muryar Hajiya na biye da shi: "Dawo, 'yar nan. Zauna."

A nan Hajiya ta faɗi abin da ba a rubutawa a waya. Autarta Na'ima tana ƙarama tafasasshen mai ya zubo mata a bayan hannun dama. Tabon ya tattare fatar, tsakiyarsa ya yi sulɓi yana sheƙi. Tun tasowarta hannun nan a cikin mayafi yake. An gwada masu ƙunshi. Wata ta lafta baƙin lalle ta rufe wurin, sai ya ƙara fitowa. Wata ta ce a saya mata safar hannu kawai. Yarinya ta rantse ba za ta fito wajen kamu ba. "Da na ga abin da aka yi a kan fatar tsohuwar nan," in ji Hajiya, "na ce mai wannan hannun ba ta tsoron fata mai tudu da kwari."

Ranar ƙunshi su uku suka isa Katsina. Na'ima ta miƙo hannun tana kallon bango. Zuwaira ta riƙe shi ta daɗe tana dubawa, don ta san idan ta kuskure, ba shagonsu kaɗai zai tafi ba, yarinyar nan ba za ta ƙara nuna wa kowa hannunta ba. Ta kwaɓa lallen da kauri don kada ya zame. Ba ta yi ƙoƙarin rufe tabon ba. Ta bi layukan da wuta ta bari ɗaya bayan ɗaya, ta mai da su rassa, ta fitar musu da ganye. Wurin da ke sheƙi ta bar shi fili, ta kewaye shi da zane, ya zama tsakiyar fure. Sannan ta kama hannun hagu mai lafiya, ta zana masa siffar tabon sak, reshe da reshe, har ya zama ba mai iya cewa wanne ne wuta ta taɓa. Wuyanta ya ƙage, yatsunta suka yi sanyi, ba ta ɗago ba sai da ta gama.

Da aka wanke lallen, Na'ima ta haɗa hannuwanta biyu ta yi ta kallo. Sai ta ƙwala wa uwarta kira. A wajen kamu ba wanda ya iya sa ta ta sauke hannu. Sama take da su tana rawa, 'yan mata na turereniya suna cewa su irin na amarya suke so. Ita da kanta ta ce Kubra ta ɗauka ta saka, Hajiya ta ce tunda an yi kamu, a saka. Kafin su bar garin, an cika musu ranakun bukukuwa har zuwa azumi. Tela sai ya nemi wani wurin.

Da za su tafi, bayan an sallame su da abin arziki, Hajiya ta kira su ɗakinta. Ta ce, "Na yi wa Allah alkawari, duk wadda ta zama sanadin 'yata ta ɗaga hannu a bikinta, zan biya mata Umra. Kujera ɗaya ce. Ku ba ni suna."

Lantana ta ce, "Hajiya, ko a raba mana..."

"Ba a raba kujera. Mutum ɗaya na ce wa Allah."

A mota Zuwaira ta ji a ranta tata ce, ai hannunta ne ya yi zanen. Sai ta dubi Kubra, ta tuna shekarun da ta yi tana wannan zanen ba wanda ya sani bayan unguwarsu. Ta ce to ta Kubra ce. Sai ta tuna Kubran ce ta kori Hajiya da bakin waya, ta dubi Lantana da ta kwashi ƙafa da turaren bikin ƙanwarta ta je ta durƙusa. Amma kuma da ba bidiyon, gidan wa Lantana za ta je? Da ba zanen, me Hajiya za ta yi wa godiya? Kowacce tana murmushi, kowacce kuma Ka'aba take gani a gilashin mota.

Suka wuce kai tsaye wajen Inna Tabawa ta raba gardama. Ta saurare su tsaf, ta wangale baki ta nuna haƙorinta. "Ni na je na dawo. Da ban je ba, ai babu magana, hannuna duniya ta gani. Ku je can ku ƙarata."

Hajiya Yalwa na can tana jiran suna. To jama'a, Kubra da ta kira duniya ta zo, da Lantana da ta dawo da wadda ta yi fushi, da Zuwaira da ta mai da tabo fure, wace ce a cikinsu za ta hau kujerar nan?