Hoton Baban Mu'awiya

Akwai wani matashi a Kore Mairuwa mai suna Mu'awiya, mai shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwa. Yana da hannu a sana'arsa, wannan ba a musu. Matsalarsa ɗaya ce: kunnensa na ado ne, ba ya jin shawara.

Mu'awiya bai san mahaifinsa ba. Yana goye lokacin da uban ya tafi cirani, can ya rasu, can aka binne shi. Abin da ya rage sai hoto guda ɗaya, baƙi da fari, ɗan ƙarami irin na katin shaida. Mahaifiyarsa Inna Sahura ta naɗe shi a ƙyalle, ta ajiye a ƙasan kwalla. Ba kowa take nuna wa ba.

Wata rana Mu'awiya ya sayo injin buga hoto na gwanjo. Ganin yana fitar da layi-layi a takarda, sai ya kai shi Dogon Dutsi wurin Hilaire, wani dattijo mai gyaran irin waɗannan injuna.

Hilaire ya buɗe, ya gwada, ya girgiza kai.

"Ɗana, hanyar baƙar tawada ta toshe, don an daɗe ba a yi aiki da shi ba. Baƙin da kake gani haɗi ne, sauran launuka yake gaurayawa. Kuma tawadag ga da ka ɗura ba ta jimre rana. Bar min shi in jiƙa kan da ke fesa tawada, ya kwan biyu, sannan mu nemo tawada ta ƙwarai."

"Baba, gobe hwa kasuwa ta," in ji Mu'awiya. "Ka dai share min layin. Baƙi ai baƙi na."

"Yau baƙi na. Ka dawo bayan damina ka gaya min."

Hilaire ya share masa layin. Mu'awiya ya yi dariya, ya ɗaure injinsa a bayan babur. A ransa cewa yake tsohon aiki kawai yake nema wa kansa.

Gaskiya hotunan farko sun yi kyau. Kansa ya kumbura, ya je gida ya tsare Inna Sahura.

"Inna, ba ni hoton Baba. Zan mayar miki da shi babba, ki riƙa ganin shi ba sai kin matse ido ba."

"A'a, Mu'awiya. Wanga ɗan ƙaramin ya ishe ni."

Ya yi ta naci har ta gaji. Ta kwance ƙyallen da hannunta, ta ce, "Amana ce. In ka gama ka maido min."

Ya kwafe hoton a kwamfuta, ya goge tabon da ke jiki, ya buga shi babba, ya sa a gilashi. Da Inna ta gani sai da ta zauna. Ta shafa gilashin tana hawaye, ta ce, "Shi na. Har ɗan tsagen da ke kuncinai." Aka rataye shi a bangon da ke kallon ƙofa, inda hasken hantsi ke sauka kullum.

Ƙaramin kuwa, Mu'awiya ya jefa shi cikin wani kwali a ƙasan tebur, wai gobe zai kai. Ta tuna masa, ya ce, "Inna, wa ke neman fitila ga rana ta fito?" Da kwamfutar ta cika da hotunan biki, ya share tsofaffin ayyuka gaba ɗaya bai duba ba.

Damina ta zo ta wuce. Hoton bango ya soma komawa kore-kore. Daga nan tsagen kunci ya ɓace, sai idanu suka dushe. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta kira shi ta ce, "Wanga ya hwara gajiya. Kawo min nawa."

Nan take ya ruga shago, ya jawo kwalin, sai gindin ya zube a hannunsa. Gara ta bi ta ƙasa tun farkon ruwa, ta cinye takardun da ke ciki, ba ta bar komai ba sai jar ƙasa. Ya tona da yatsu, ya buɗe kwamfuta ya bincika ko'ina. Babu.

Ya ɗauki na bangon da injin ya koma Dogon Dutsi, kunya kamar ta kashe shi. Hilaire bai ce masa "na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya gyara injin tsaf, ya ɗura tawada mai kyau, suka kwafi abin da ya saura suka yi ta ƙara masa duhu. Hula ta fito, wuyan riga ya fito. Fuskar ba ta dawo ba.

"Inji yana gyaruwa, ɗana," in ji Hilaire a hankali. "Amma ba ya buga abin da babu."

Mu'awiya ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Na yahe maka. Ni na zauna da shi, na san kamannunai. Kai nika tausayi. Ran da ɗiyanka sunka ce ka nuna musu kakansu, mi za ka nuna?"

Ni da nake ba ku labarin nan, abin da ya fi taɓa ni shi ne har yau ƙyallen yana nan a ƙasan kwalla, a naɗe, babu komai a ciki. Injin Mu'awiya kuwa yanzu babu kamarsa a kasuwar, yana buga fuskokin iyayen mutane tar. Ta nasa uban ce kawai ba zai iya bugawa ba.

Darasi: Kada sabo ya sa ka wulaƙanta tsoho tun ba ka ga ƙarkon sabon ba. In wanda ya riga ka a sana'a ya ce ka dakata, dakata, domin gaggawa takan ci abin da nadama ba ta iya mayarwa. Amanar da aka ba ka kuma, mayar da ita yau, kada ka ce gobe. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da amanar wani a ƙasan tebur.