Tayar Gaban da Nazeer Ya Ara wa Saleh

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Abuja mai suna Nazeer, injiniya ne a wata hukumar tarayya. A shekarun nan da kuɗin mai ke yawo a gari, gine-gine na tashi ta ko'ina, abokansa na ta sauya motoci, shi abin da ya shiga ransa keke ne.

Ba keken zuwa cefane ba. Keken hawan duwatsu, wanda ake tsere da shi a hanyar daji, a hau tudu a gangaro, a ratsa rafi da gonaki.

Wanda ya koya masa shi ne Saleh, wani babba a ofishinsu da ya girme shi nesa ba kusa ba. Lokacin da likita ya ce jinin Nazeer ya hau, Saleh ne ya ja shi cikin ƙungiyarsu ta mahaya keke. Shi ke tsayawa a kan tudu yana jiransa, Nazeer na tahowa yana haki yana tura keke. Tun daga nan Nazeer ke kiransa Yaya.

Sannu a hankali ɗalibi ya kamo malami. Da ƙungiya ta shirya babban tsere a duwatsun bayan garin Uke, aka ce wanda ya zo na ɗaya shi za a tura gasa ƙasar waje, kowa ya san tsakanin mutum biyun nan za a yi ta.

Nazeer ya yi odar tayoyin tsere daga waje. Ba su da nauyi ko kaɗan, in ka ɗaga ɗaya kamar ka ɗaga faifai. Ba a sa musu tub, robar nan ta ciki mai riƙe iska, wani farin ruwa ake zubawa a ciki, in ƙaya ta huda sai ya toshe hujin da kansa. A hawan tudu kuwa, sai ka ji kamar ana tura ka. Aibinsu ɗaya ne, gefensu siriri ne, dutse mai kaifi na iya yanka shi.

Hakan kuwa aka yi. Wata ranar atisaye dutse ya yanki gefen tayarsa ta gaba. Ruwan nan ya fito ya toshe wurin, iska ta tsaya. Amma Nazeer ya san irin wannan yanka ba a yarda da shi a gangare. Da ya koma gida sai ya cire ƙafar keken gaba ɗaya ya rataye a sito, ya sa wata. Bayan ita ma yana da wata lafiyayya a ajiye.

Ana gobe tsere, bayan la'asar, sai ga Saleh a ƙofar gida, duk ya yi gumi.

"Nazeer, an samu matsala. Tayata ta gaba ta yage. Na zaga Wuse, na je har Nyanya, babu irinta. Ko kana da wadda za ka ara min?"

"Haba Yaya, har sai ka tambaya? Bari in ɗauko."

Ya shiga sito. Ga ƙafafu biyu a rataye, lafiyayya da mai yanka. Hannunsa ya fara zuwa kan lafiyayyar. Sai wata zuciya ta ce, in taka ta fashe gobe kafin a tashi fa? Wata kuma, wadda ya fi jin kunyarta, ta ce, in Yaya ya hau irin tayarka ƙalau, ai ba za ka ga ƙurarsa ba.

Ya sauke mai yankar. Ya shafa wurin da babban yatsa. Ruwan ya bushe, ƙura ta rufe, sai wanda ya sani zai gani. Ya ce a ransa, iyakarta dai ta sace a hankali, Yaya ya tsaya ya buga iska, in wuce.

Saleh ya karɓa, ya juya ta yana murmushi. "Kai, wannan ai ba nauyi. Lafiyarta ƙalau dai ko?"

"Ƙalau, Yaya."

"Allah ya bar zumunci. Amma fa kada ka ji haushi in na wuce ka da ita."

Suka yi dariya tare.

Da safe aka taru a bakin hanyar Uke. Bakaniken ƙungiya, wani Bartholomew da ke da shago a Nyanya, ya bi kekuna yana duba birki yana gwada iska. Ya matsa tayar Saleh, ya ji ta da ƙarfi, ya wuce. Nazeer na tsaye yana kallo.

Aka tashi. Tun daga tudun farko suka bar sauran a baya, su biyu kaɗai. A gangaren ƙarshe, mai duwatsu da kwana, Nazeer na gaba, Saleh na dab da shi. Sai Nazeer ya ji ƙara a bayansa kamar an harba bindiga, sannan ƙarar ƙarfe a kan dutse.

Ya san abin da ya faru. Ƙafarsa ta sassauta, hannunsa ya taɓa birki. Amma ga tutar ƙarshe yana hangowa. Ya ce wa kansa, ai akwai masu zuwa a baya. Ya ci gaba da tuƙi.

Shi ya zo na ɗaya. Ana ta tafi ana ɗaga hannunsa, shi kuwa idonsa na kan hanyar da ya fito. Can sai ga wasu makiyaya da ke kiwo a gindin dutsen sun ɗauko Saleh a hankali, jini a fuska, hannun dama na reto.

A asibiti aka ce ƙashin kafaɗa ya karye, wuyan hannu ya farfashe, jijiya ta taɓu. Da Nazeer ya shiga duba shi, Saleh ne ma ya fara magana.

"Gwarzo! An ce kai ka ci. Alhamdulillahi, ka fitar da ni kunya. Ka yi haƙuri fa, na lalata maka taya."

Nazeer ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya," ya fita da sauri.

Ƙungiya ta zauna a kan maganar. Aka ce ai akwai wanda aikinsa ne ya duba kekuna. Aka sallami Bartholomew, maganar ta bazu a wayoyi, mahaya suka daina kai masa gyara. Nazeer na wurin zaman. Har aka tashi bai buɗe baki ba.

Kofin da ya ci ya bar shi a but ɗin mota, ya kasa shiga da shi gida. Abinci ya daina wuce masa. In ya tayar da salla, sai ya ji ƙarar nan a kunnensa. Matarsa Ameera ta tambaya, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Wata Asabar cunkoson motoci ya tsayar da shi a Nyanya, daidai shagon Bartholomew. Shagon da a da kekuna ke jere har bakin titi, yanzu ba kowa. Bartholomew ya hango motar, ya taso da fara'a. Hausarsa irin ta 'yan Abuja ce.

"Oga Nazeer! Barka da nasara, ban samu na gaishe ka ba. Yaya jikin Oga Saleh?"

"Da sauƙi."

Bartholomew ya dafa ƙofar mota, muryarsa ta yi ƙasa. "Oga, wannan taya yana damu na. Na matsa shi, na ji shi lafiya. Da na juya shi na duba gefe, da ban karya bawan Allah ba. Ba aikin da na rasa ba ne, Oga. Ina so na je na ba shi haƙuri, kunya ya hana ni."

Motocin gaba suka motsa, na baya suka hau hon. Nazeer ya ja mota. Mutumin da bai yi komai ba ne ke ɗauke da laifinsa, har yana neman hanyar ba da haƙuri.

Da ya isa gida ya zaunar da Ameera ya faɗa mata komai. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Abban Ikhlas, na ji. Amma ba ni ka cuta ba. Ka san gidan wanda ka cuta."

Ya samu Saleh a falo, hannu a ɗaure, yana fama da cokali da hannun hagu. Nazeer bai zauna a kujera ba, a ƙasa ya zauna.

"Yaya, tayar nan da na ba ka, na san tana da yanka. Ina da lafiyayya, na hana ka. Kuma na ji faɗuwarka, ban tsaya ba."

Saleh ya ajiye cokalin. Ya kalle shi kallon da Nazeer ya gwammace a mare shi.

"Ka san abin da ya fi min ciwo? Da ka ce min, Yaya, tana da yanka, wallahi da na karɓa a hakan in yi maka godiya. Sai in sassauta a gangare, ka ci tserenka, in dawo gida da hannuna."

Nazeer ya fashe da kuka.

Saleh ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Nawa na yafe, don ni ma ina neman gafarar Allah. Na Bartholomew ba ni da ikon yafewa. A gaban mutane aka ɓata shi, a gaban mutane za ka wanke shi."

A zaman ƙungiya na gaba Nazeer ya zo da Bartholomew a motarsa. Ya miƙe ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya ajiye kofin a kan tebur, ya ce a tura wani daban zuwa gasar. Wasu suka zage shi, wasu suka tashi suka fita. Bartholomew bai zage shi ba. Ya dai rufe fuska da hannu, sannan ya ce, "Na gode wa Allah, ashe ba ni ba ne."

An mayar da shi aikinsa, ko da yake ba duk masu kawo gyara ne suka dawo ba. Hannun Saleh ya warke, amma yatsunsa ba sa iya matse birki. Bai sake hawa keke ba.

Har yau suna gaisawa a ofis. Nazeer na cewa Yaya, Saleh na amsawa da mutunci. Amma in Saleh na buƙatar wani abu, wani yake tambaya.

Darasi: Wanda ya karɓi abu daga hannunka bai duba ba, amanarsa ya damƙa maka. In ka san aibin abu, ka faɗa kafin ka miƙa, don ɓoye aibi ma cuta ce, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke ɗaukar laifin. Ana iya yafe maka, amma yarda ba ta dawowa yadda take. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai shirin cewa "ƙalau" alhali ya san ba ƙalau ba.