Mai Ragunan da Ya Musanya Bana da Baɗi

Akwai wani mutum mai kiwon raguna a wani ƙaramin gari, sunansa Gayus. A duk kasuwannin yankin ba wanda ya kai shi ido. Yakan tsaya gaban ɗan rago ramamme wanda kowa ya wuce, ya ɗaga leɓensa ya dubi haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya ce, "Wannan zai yi." Sai ya kai shi gida ya ɗaure, ya yi ta ba shi dusa da harawa da kanwa, bayan wata biyar ka rantse ba shi ba ne. Amma da zarar ragon ya cika, Gayus ba ya ƙara masa ko mako guda, don yana tsoron ya fara komawa baya a hannunsa. Sayarwa yake yi, ya sayo ƙanana biyu.

Yana da wa mai suna Habila, tsohon direba, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu har ya yi masa aure. Habila kuwa mutum ne mai son ƙwallo, irin son da ake mantawa da tuwo a gaba.

To, akwai wani wasa da wasu magidantan garin suke yi a waya, ƙungiya goma. Kowa yana haɗa ƙungiyarsa da sunayen 'yan ƙwallo na gaske masu bugawa a ƙasashen waje. In ɗan wasanka ya ci ƙwallo a can, kai ma an ba ka maki a nan, wanda ya fi maki a ƙarshen shekara shi ke ɗaukar kofi. Kofin ba wani abu ba ne, na gwangwani ne, amma ka ga yadda dattawa suke kumbura a kansa sai ka ce na zinariya ne. Ka'idarsu ita ce ɗan wasan da ka zaɓa naka ne shekara da shekaru. Sau ɗaya a shekara, cikin damina, sukan taru a shagon Istifanus mai sayar da taki su zaɓi sababbi bi da bi, wanda ya zo na ƙarshe bara shi ke fara zaɓa. An kuma yarda mutum ya yi musaya da ɗan'uwansa, ya ba da ɗan wasa ya karɓi damar zaɓe, ko da ta shekaru masu zuwa ce.

Idon Habila ba ya ganin ƙananan rubutun waya, don haka suka haɗa ƙungiya ɗaya da ƙanensa. Gayus ke danna waya, Habila ke ihu. "Yaranmu" yake kiran 'yan wasan, ko da yake ba wanda ya san da zamansa a cikinsu.

Gayus ya shigo wasan da idonsa na kasuwa. Wasu suna bin suna da yawan ƙwallaye, shi kuwa yakan duba shekarun yaro, da minti nawa kocinsa yake barinsa a fili, da ko gwiwarsa ta taɓa ba shi matsala, da abin da yake yi sa'ad da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Da wuya ya zaɓi wanda bai yi ba. Sai dai ya shigo da ɗaya halin ma. Duk ɗan wasan da ya cika, kowa ya fara yabonsa, sai gaban Gayus ya fara faɗuwa, ya miƙa shi ga wani ya karɓi yara biyu. Shekara shida suna haka, yau na uku, gobe na huɗu, ƙungiya kullum tana kan girma. Kowace shekara yakan ce, "Yaya, baɗi namu ne." Habila ya yi dariya ya ce, "Allah ya kai mu."

A shekara ta shida suka zo na biyu. Suna da wani ɗan gaba da Habila ya raɗa wa suna Dogo, wanda Gayus ya tsinto tun ba wanda ya san shi, ga shi yanzu ba mai cin ƙwallo kamarsa. Kowa a shagon ya san cewa muddin Dogo yana hannunsu, kofin shekara ta bakwai nasu ne. Kowa ya sani, ban da Gayus. Shi abin da ya sani shi ne Dogo ya cika shekara ashirin da tara. Yana ba raguna dusa yana tunanin gwiwar Dogo. Yana sujada a coci, ana waƙa, shi yana lissafin shekarun Dogo. Idan ya ji rauni fa? Idan ƙafarsa ta yi sanyi bana, wa zai karɓe shi baɗi? Har abinci ya daina yi masa daɗi.

A daminar nan kuwa Habila ya fara haki. Ƙafafunsa suka kumbura har takalminsa ya ƙi shiga, likita ya ce zuciya ce. Wata rana Tabita, matar Gayus, ta dawo daga gaishe shi, ta tsaya a bakin turke ta ce, "Baban Rahila, ka kuwa dubi Yaya da kyau kwanan nan? Daga ɗaki zuwa zaure sai da ya huta sau biyu."

"Ai an ba shi magani," in ji Gayus. Maganar ta soke shi, ya kuwa ji tsoro ƙwarai. Amma wannan tsoron ba shi da abin da zai yi da shi, ba ya dannuwa a waya, ba ya musayuwa. Sai ya kau da kai ya koma ga tsoron da ya iya, ya ci gaba da duba shekarun 'yan wasa.

Ana gobe zaɓe ya je gidan yayansa da hantsi. Ya same shi a kan tabarma, an tokare masa baya da matasai.

"Gobe ba zan iya zuwa ba," in ji Habila, yana magana yana tsayawa. "Ka je ka wakilce mu. Abu ɗaya zan roƙe ka, Gayus. Kada ka saki Dogo."

"Yaya, ashirin da tara fa yake."

"Ni sittin da takwas nake. Ina so in riƙe kofin nan da hannuna sau ɗaya, in sa a kan talabijin, Istifanus ya shigo ya gani. Bana nake so, ba baɗi ba."

Gayus ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Yaya." Ya ce ya ji, amma bai ce ya yarda ba, kuma dukansu biyu sun lura da haka.

Kashegari bayan sujada aka taru a shago, ana zaune a kan buhunan taki, kowa da wayarsa. Istifanus ne ya zo na ƙarshe bara, don haka zaɓen farko nasa ne. A cikin sababbin akwai wani yaro ɗan shekara goma sha takwas wanda Gayus ya yi wata uku yana kallonsa. Yaro ne mai sauri, in an ƙwace masa ƙwallo yakan koma da gudu ya taimaka, in an cire shi ba ya ɓata fuska. Gayus ya tabbata irinsa ba ya fitowa kowace shekara. Ya kuma san kafin layi ya iso kansa, shi da yake na tara, an daɗe da ɗauke shi.

Sai Istifanus ya matso kusa da shi ya ce, "Mai raguna, na gaji da dariyar da ake mini. Ba ni Dogo, in ba ka zaɓen farko na yau, da zaɓena na baɗi, da na baɗin baɗaɗa. Uku ke nan a kan tsoho ɗaya."

Gayus ya miƙe tsaye. Ya fita bakin shago, ya dawo, ya sake fita. A kasuwa in aka yi masa irin wannan tayi ba ya ko tsayawa ciniki. Ya tuna hakin yayansa. Ya kuma tuna yaron nan a hannun wani shekara goma. Ya ce a ransa, "Ko ba Dogo ai muna da ƙarfi, wataƙila mu ci bana ɗin ma. In ba mu ci ba, shekara ɗaya ce kawai. Yaya zai yi fushi ya huce, baɗi in kawo masa kofi, in sake kawo masa, har ya gaji da shi." Aka fara kiransa daga ciki, ana cewa lokaci na tafiya. Ya shiga, ya danna waya ya amince da musayar.

Da yamma ya je ya faɗa wa Habila. Ya yi ta bayani, ya kawo shekaru, ya kawo gwiwa, ya nuna masa hoton yaron. Habila bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "To. Kai ka san lissafi."

Shekarar nan Gayus bai sha ruwa da daɗi ba. Dogo ya ci wa Istifanus ƙwallo ashirin da huɗu, gwiwarsa ko ƙaiƙayi ba ta yi ba. Yaron kuwa rabin shekara a benci ya yi ta, kamar yadda yara sukan yi. Kowace Asabar Gayus yakan zauna kusa da yayansa yana karanta masa maki, yana satar kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Da aka rufe gasa suka sake zuwa na biyu, tazarar da ƙwallo huɗu kacal za ta rufe. Gayus ya buɗe baki zai ce baɗi nasu ne kamar yadda ya saba, sai ya dubi yayansa ya mayar da waya aljihu. Habila ya rasu da farkon damina, saura wata biyu a yi sabon zaɓe.

Lissafin Gayus kuwa bai yi ƙarya ba. A shekarar da ta biyo Dogo ya fara ja da baya, yaron ya cika ya zama abin kallo, zaɓe na biyu da Istifanus ya ba shi ma ya ba da amfani. Gayus ya ci kofi da tazara mai yawa. Aka miƙa masa a shago ana tafi, ya ɗaure shi a bayan babur ya kama hanya. Bai farga ba sai da ya ga kansa a ƙofar gidan Habila. Matar yayansa ta leƙo, ta dubi kofin, ta dube shi, ta ce, "Sannu da zuwa. Ka shigo mana." Ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Ya zauna a dakalin ƙofa ya yi kuka kamar ba magidanci ba.

Yanzu ku kasa kunne ga abin da misalin nan yake nufi. Kada wani ya tafi gida ya ce malam ya hana ƙwallo, na ga masu wayoyi a aljihu sun fara gyara zama. Kada kuma a ce na hana tanadi. Gayus ba wawa ba ne, idonsa baiwa ce daga Allah, lissafinsa kuma daidai ya fito. Abin da ya kayar da shi shi ne ya ɗauka shekaru ma kaya ne da mutum zai ajiye a turke. Istifanus ya ba shi baɗi, shi kuwa ya karɓa, alhali ba ɗayansu da yake da baɗi a hannunsa. Shekara mai zuwa ta Ubangiji ce. Yau kaɗai ya danƙa mana.

Dogo shi ne alherin da yake hannunka yanzu, cikakke, wanda za ka iya bayarwa yau: ƙarfinka, lokacinka, gafarar da kake riƙe da ita. Habila shi ne mutumin da Allah ya ajiye kusa da kai, wanda ya faɗa maka da bakinsa abin da yake bukata. Gayus kuwa, 'yan'uwa, mu ne. Mun iya duba shekarun rago, da na mota, da na ɗan wasan da bai san sunanmu ba, amma ba mu duban fuskar wanda muke cin tuwo tare. Sau da yawa ma ba rashin ƙauna ba ne, tsoro ne. Muna jin tsoron abin da za mu gani, sai mu ruga mu ɓuya cikin shirin gobe, mu kira shi hikima.

Wani a nan yana cewa zai je ya ga tsohuwarsa in an gama girbi. Wani shekara uku ba ya gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona, yana jira zuciya ta huce. Wata tana cewa za ta komo ga Ubangiji da dukan ranta in yara sun girma. Ina jin tsoro dominku, ina kuma jin tsoro domin kaina, gama ni ma ina da wanda nake ta ce wa "baɗi". Mai yiwuwa ne duk shirinku ya yi kyau, ku sami abin da kuka yi alkawari har da ƙari, ku ɗauko shi da murna, ku tarar ba wanda za ku miƙa wa.

Saboda haka in akwai wanda sunansa ya faɗo maka a rai tun ina magana, kada ka ce sai ka shirya. Da mun yi addu'a mun tashi, gidansa za ka nufa, tun kafin ka ci abincin rana.