Bukkar da Tajudeen Ya Kama a Bakin Tekun Ada

Akwai wani mai gidan kallon bidiyo a Maamobi, cikin birnin Akra, ana ce masa Tajudeen. A shekarar 1989 babu wanda harka ta buɗe wa a layinsu kamarsa. Da abin duniya ya zauna masa, sai ya fara jin unguwar ta yi masa kaɗan.

Wata rana wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, da yake sayen kaset a wurinsa ya nuna masa hotunan hutun da ya yi da iyalinsa a Ada. Wurin wani dogon tsirin yashi ne da ya miƙe cikin ruwa, Kogin Volta ta dama, teku ta hagu, sai wani siririn wuya ta baya da ya haɗa shi da tudu. Bukkoki shida na ganyen kwakwa suna jere a ƙarshensa.

Tajudeen ya koma gida ya ce wa matarsa Barikisu ta fara shiri. Da zarar an rufe makaranta a ƙarshen watan Yuli za su je su yi kwana uku, su da 'ya'yansu mata biyu, Lamisi mai shekara goma da Amama mai shekara biyar.

Ya aika aka kama masa bukka ɗaya. Ya sayi risho da kula, ya ari kyamara, tela ya ɗinka wa yaran riguna iri ɗaya. Kullum bayan la'asar, a bencin ƙofar masallaci, ba shi da zance sai na Ada. Ya faɗi ranar tafiya har yara sun haddace ta.

A gidan da ke manne da nasu akwai wata tsohuwa, Mma Damata, mai sayar da kifi banda a kasuwar Nima. A zongon Keta aka haife ta, can bakin teku. Ran nan tana dawowa daga kasuwa ta tsaya a gaban bencin.

"Tajudeen, na ji za ku Ada. Da gaske a watan nan?"

"In sha Allahu, Mma. Ranar Juma'a."

"Ɗana, ka bari sai bayan Satumba. Masu kawo mini kifi sati biyu ke nan ba su saka jirgi a ruwa ba. A irin wannan lokaci ba a kwana a kan yashin nan."

Tajudeen ya yi dariya. "Mma, Turawa da Kwarori kullum suna can. Ke kifin da ya mutu kika sani, ba teku ba."

Wasu a bencin suka taya shi dariya. Tsohuwar ta gyara kwandonta a ka, ta shige gida.

Ranar Laraba wani direban motar Ada ya kawo masa 'yar takarda daga mai kula da bukkokin. Layi biyu ne kawai: kada su zo yanzu, su jira ruwa ya kwanta. Tajudeen ya karanta sau biyu. Ya tuna bencin masallaci, ya tuna waɗanda za su tambaye shi me ya faru. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai gaya wa Barikisu ba.

Ranar Juma'a da sassafe suka hau mota a tashar Tudu. Kafin hantsi ya ɗaga sun isa Ada. Babu ruwan sama, amma sararin ya yi launin toka, iska kuma tana zuwa da sanyi. Tun ba su ga tekun ba suke jin ƙararsa, kamar ana mirgina manyan ganguna a ƙarƙashin ƙasa.

Mota ba ta shiga tsirin, sai dai a bi ta kogi. Masu kwalekwale uku suka ƙi ɗaukarsu. Na huɗu, wani dattijo mai suna Tetteh, ya dubi yaran ya dubi kayan, ya ce da Ga, yaren mutanen Akra: "Zan kai ku ku gani, mu dawo tare."

Da suka sauka, Barikisu ta ƙirga bukkokin. Huɗu ne. Inda sauran biyun suke, sandunan kawai suka rage, a tsaye cikin ruwa. Babu mai kula da wurin, babu kowa. Ƙaguwa kuwa, ɗaruruwa, suna ta tsallaka yashi daga gefen teku zuwa gefen kogi.

"Baban Lamisi, mu koma," in ji Barikisu a hankali. "Zuciyata ba ta kwanta ba."

"Mu koma mu ce wa mutane me? Mun ga ƙaguwa mun gudu?"

Tetteh ya sake cewa su shiga jirgi. Tajudeen ya daka masa tsawa, ya ce aikinsa tuƙi ne ba shawara ba, ya dawo ranar Litinin. Dattijon ya tura kwalekwalensa ya tafi.

Tajudeen ya jera yaran ya ɗauke su hoto. Barikisu ta kunna risho, iska ta kashe, ta sake kunnawa. Duk igiyar ruwan da ta zo sai ta wuce inda ta baya ta tsaya.

Yana cikin sallar la'asar ruwa ya zo ya shafe tabarmarsa har gwiwarsa. Da ya yi sallama ya juya baya, sai ya ga siririn wuyan nan da ya haɗa su da tudu babu shi. Teku ya yanke shi, yana kwarara cikin kogi. Suna tsaye a kan guntun yashi, ruwa ta ko'ina, kuma yashin yana raguwa suna gani.

Barikisu ta riƙe Lamisi. Kafin ta miƙa ɗaya hannun, Amama ta koma bukka da gudu ɗauko takalminta. Igiyar da ta biyo baya ta fi rufin bukkar tsawo. Ta ɗauke bukkar da abin da ke cikinta ta jefa cikin kogi.

Tajudeen bai iya ninƙaya ba. Ya shiga ruwa har ƙirji yana kiran sunan 'yarsa, yana ganin jar rigarta tana bayyana tana ɓacewa.

Ashe Tetteh bai tafi gida ba. Ya ɗaure jirginsa a wata kwana ta kogin, yana zaune yana kallonsu tun azahar. Shi ya zo ya faɗa ruwa. Wata sandar bukka ta buge shi a kafaɗa, amma bai saki rigar yarinyar ba har ya ɗora ta cikin kwalekwale. Da hannu ɗaya ya tuƙa su zuwa gaɓa.

Amama ta yi kwana huɗu a asibiti. Ta rayu, amma kunnenta na hagu bai ƙara ji ba. Tetteh kuwa sai da ya yi wata biyu bai riƙe filafilin tuƙa jirgi ba. A bakin gadon asibitin ne Tajudeen ya ciro takardar nan, duk ta jiƙe, ya gaya wa Barikisu gaskiya. Ta dube shi, ta mai da idonta kan Amama.

Da suka dawo Maamobi, bai bi ta gaban benci ba. Kasuwar Nima ya nufa, ya durƙusa a gaban teburin Mma Damata, mutane suna kallo.

"Mma, ki yafe mini."

Tana naɗe wa wata mata kifi a takarda. Sai da ta gama ta dube shi.

"Ku nawa kuka tafi?"

"Mu huɗu."

"Ku nawa kuka dawo?"

"Mu huɗu, Mma."

"To, tashi ka gode wa Allah. Shekarar da teku ya shigo gidanmu a Keta, mu bakwai ne a ɗaki. Mu biyar muka fito."

Darasi: Idan wanda ya girme ka ya ce maka kada ka je, ka tsaya ka tambaye shi me ya gani, ko da tallan kifi yake yi. Kuma kada kunyar fasa abin da ka riga ka yi shela a kai ta sa ka kai iyalinka bakin halaka. Dariyar mutane kwana biyu ce, amma abin da ya sami ɗanka yana tare da shi har girma. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu shirin tafiya da yara.