Ƙahon da Wendell Ya Ƙi Harbi

Akwai wani bakanike mai suna Wendell, mutumin jihar Ohio ta Amurka, da ya shekara uku yana jiran takardar izinin farautar elk, ƙatuwar barewar nan mai ƙaho kamar rassan itace. Da takardar ta fito, sai bakinsa ya ƙi hutawa da tambaya. Wane takalmi ke jure ƙanƙara? Daga wane nisa ake harbi? In dabba ta faɗi a kwari, yaya ake fito da naman?

Boyd, mijin yayarsa da zai kai shi duwatsun jihar Idaho, ya gaji da shi. Ya ce farauta ba makaranta ba ce, namiji gani yake ya harba.

Kwana biyar suna hawa da gangara, ko sawu ba su gani ba. Rana ta shida ce ta ƙarshe. Da la'asar, Boyd ya damƙe hannun Wendell ya nuna ƙasa. Can cikin duhuwar itatuwa, ga ƙaho yana tafiya a hankali.

"Ga rabonka nan. Saita ƙasan ƙahon ka sake masa."

Wendell ya durƙusa ya ɗora bindiga. Ƙahon kawai yake gani, ganye ya rufe sauran. Ya raɗa cewa bai ga jikin ba.

"Jikin me? So kake ya zo ya gaishe ka? Harba, ko ka koma gida yayarka ta yi maka dariya."

Yatsan Wendell ya taɓa kunamar bindigar. Ya tuna shekara ukun nan, ga ƙahon ya kusa ɓacewa. Sai ya janye yatsan. Boyd ya yi tsaki, ya fara sauke tasa bindigar daga kafaɗa. Wendell ya danne bakinta ƙasa da hannu, ya ƙi saki.

Suna cikin kokawar ƙahon ya fito fili. Wani tsoho ne, goye da kai da naman elk ɗin da ya kashe da safe, yana tafe a sunkuye saboda nauyi. Jan ƙyallen da ya ɗaura wa ƙahon don mafarauta su gane mutum ne, ƙaya ta fizge shi a hanya.

Boyd ya saki bindigar, ya zauna a kan ƙanƙara.

Da tsohon ya iso, Wendell bai ɓoye masa komai ba. Tsohon, Virgil sunansa, ya ce matarsa na can gindin dutse a mota tana jiransa da kofi mai zafi.

"Ɗana, kama min kayan nan. Rabin naman naka ne. Badi kuma ni zan kai ka farautar."

Boyd ya biyo su a baya. Har suka kai mota bai ɗaga kai ba.

Darasi: Kada gori ko gaggawa su sa ka aikata abin da ba ka tabbatar ba, domin akwai kuskuren da ba ya gyaruwa. Tura wa wanda kake ƙauna ya karanta.